Ku Tambayi Injiniya: Tun da Aka Ba Ni Shugabanci Ban Sake Hawa Dutse Ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sanyi. Daga Jos nake rubuto muku, hazo ya rufe duwatsun Shere har ba a hango su daga cikin gari, masu shayi kuwa kasuwa ta buɗe. A fitowar da ta wuce na ambata a taƙaice cewa nakan hau dutse Asabar ɗaya in tsallake ɗaya, kuma a gida nake barin wayar aiki, duk da cewa mutum goma sha ɗaya ke rubuta manhaja a ƙarƙashina. Wannan 'yar maganar ta jawo wasiƙu fiye da duk abin da na taɓa rubutawa a kan kwamfuta. Ga waɗanda na zaɓa.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Shekarata shida ina rubuta manhaja a wani kamfanin hada-hadar kuɗi. Wata takwas da suka wuce aka ɗora ni a kan mutum bakwai. Kafin nan duk Asabar da asuba ina bin abokaina mu hau duwatsun Dawaki, wani lokaci mu zagaya wajen madatsar ruwa ta Usuma. Tun da aka ba ni kujerar nan sau ɗaya na je, shi ma ban kai rabi ba waya ta dawo da ni. Ko me ya lalace ni ake kira, ko da tsakar dare ne. Na yi ƙiba, barci ya gudu, maiɗakina ta fara ƙorafi. In haƙura da dutsen ne, ko in mayar musu da kujerarsu? A sakaya sunana. Daga Gwarinpa, Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Ka buɗe wayarka ka duba kiran aikin da aka yi maka a watan jiya bayan an tashi, ka jera su a takarda, kowanne ka tambayi kanka me ya sa kai aka kira ba wani ba. Ina kyautata zaton za ka tarar ko dai mabuɗi ne a hannunka kai kaɗai, ko wani sani ne da ke cikin kanka ba a rubuce ba, ko kuma yaron ya san gyaran sarai, tsoro yake ya taɓa a ce shi ya ɓata. Wanda da gaske sai kai ɗin ba zai wuce ɗaya ko biyu ba.

Na san haka ne don na sha irin taka. A shekarata ta farko da riƙe mutane, wata Asabar ta ƙarshen wata, muna tsakiyar hawa Shere a wani lungu da sabis ba ya kamawa. Muna fitowa kan wani falalen dutse sai saƙonni suka yi ta zubowa kamar ruwan ƙanƙara. Rumbun bayananmu ya cika, manhaja ta tsaya, ma'aikatan da ake biyan albashinsu ta hannunmu suna can suna jiran alat. Yaron da ke ofis ya gano matsalar cikin minti goma, gyaran ma bai fi na minti biyar ba. Amma kalmar sirri tana wurina, kuma ni da bakina na ce kada kowa ya taɓa rumbun sai ina nan. Awa biyu da rabi ya yi a gaban allo yana kirana. Na zauna a kan dutsen na karanta masa, ya gyara, na mayar da waya aljihu ina jin ba don ni ba da kamfani ya durƙushe. Ɗan jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Afizere da aka haifa a gindin duwatsun, yana gefe yana saurare. Muna saukowa ya ce da ni, "To Malam, da a can ƙasa ka zame ka karye fa, wa zai buɗe musu?" Har muka iso mota ban samu amsa ba. Jiran da mutanen nan suka yi wa haƙƙinsu ni na ƙulla shi da hannuna.

Ranar Litinin na fara da mabuɗai. Duk wata ƙofa a tsarinmu aƙalla mutum biyu ke iya buɗe ta, kowa da nasa mabuɗin da sunansa, yadda za a san wanda ya shiga da abin da ya yi. Ba raba kalmar sirri ɗaya a WhatsApp nake nufi ba, wannan ɓarna ce ta daban, balle ku masu riƙe da kuɗin jama'a. Daga nan sai zaman ko-ta-kwana: kowane mako mutum ɗaya ne ƙararrawa ke tasa, da na biyu a bayansa in bai ɗauka ba cikin minti goma sha biyar. Ku takwas ne har da kai, ke nan kowa mako ɗaya cikin wata biyu. Ka sa sunanka a jadawalin kamar kowa, makon da ya faɗo kanka ka zauna a gari. Wanda aka tasa da dare kuma ka ba shi safiya ya rama barci ba sai ya roƙa ba.

Fitar da abin da ke kanka shi ya fi cin lokaci. In aka kira ka, kada ka karɓi kwamfuta ka gyara cikin sauri ka wuce. Wanda ya kira ka shi zai danna kai kana faɗa, in an gama ya rubuta matakan a shafin da kowa ke gani. Karo na biyu ya yi kana kallo, na uku ba za a neme ka ba. An ce zuwa da kai ya fi saƙo, amma a kujerar nan in kullum kai ke zuwa, 'yan saƙon ba za su taɓa sanin hanya ba.

Tsoro kuwa ba a cire shi da jawabi. Yaranka suna tune da abin da ya samu wanda ya yi kuskure na baya-bayan nan. In tsawa aka daka masa a gaban jama'a, kowa zai ci gaba da kiranka don laifi ya zama naka. Mu a wurinmu mai ko-ta-kwana yana da ikon janye sabon gyara, ya mayar da manhaja yadda take jiya, ba tare da neman izinin kowa ba, ko da ni na rubuta gyaran. In ƙura ta lafa sai mu zauna mu bi abin daki-daki, mu gano ta ina tsarin ya bar kuskuren ya wuce. Sunan wanda ya danna ba ya shiga rahoton.

Ka kuma duba ranar da kuke sakin sababbin gyare-gyare, domin yawancin gobarar Asabar da yammacin Juma'a ake kunna ta. Mu ba ma saki bayan azahar ɗin Alhamis, ba ma saki a kwanakin albashi, kuma ba ma sakar wa kowa a tashi ɗaya, sai mu fara da 'yan kaɗan mu ga yadda ta kaya. Ka tuna Juma'a 19 ga Yuli, 2024, ranar da gyara guda na kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Abin ya kai haka ne don gyaran ya isa ko'ina lokaci guda. Akwai kuma abin da ko da waya a kunne kake kwana ba yadda za ka yi. Ranar 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, duk muna kan kujerunmu, amma gyaran na jiragen ruwa ne, kuma makonni ya ɗauka. Wanda ya ji dama-dama a ranar shi ne wanda ya tanadi hanya ta biyu tun kafin, da saƙon da zai tura wa abokan ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai gwaji. Kada ka fara da Asabar. Ranar Talata ka ce musu daga ƙarfe 10 zuwa 12 ba ka nan, wane ke riƙe, ka kashe waya. In ka dawo ka duba inda aka maƙale ka toshe. Mako mai zuwa awa huɗu. Ranar da ka yi awa shida ba a neme ka ba, ka ɗaura takalminka. Oganka kuma ka sanar da shi tun farko, da harshen da yake ji: kamfanin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana cikin haɗari ko mutumin ba ya hawa dutse, tun da zazzaɓi ma yana kwantarwa.

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na ji shi a wasiƙarka. Da kana rubuta manhaja, da yamma akwai abin da za ka nuna ka ce yau ni na yi wannan. Yanzu a mitin kake wuni, kana sasanta wane da wane, kana nema wa yaro ƙarin albashi, ka koma gida kamar ba ka tsinana komai ba. Kiran daren nan, duk wahalarsa, a nan kake jin kana da amfani, shi ya sa sakinsa ke da wuya. Ni dutse ne ya cike mini wannan gurbin. Abu ne da zan fara da asuba in gama kafin rana ta take, ƙafata ta taka, idona ya gani. Kuma da yake ba abin dannawa a hanya, matsalar da na yi kwana uku ina juyawa sau da yawa a can take warwarewa.

Maiɗakinka tana da gaskiya. Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi bn Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa ma tana da haƙƙi. Kada ka ƙwato Asabar daga ofis ka miƙa wa dutse dukkanta, dalilin da ya sa nake tsallake ɗaya ke nan. In ka yi wata uku kana wannan gyara kamfani ya ƙi ba ka hannu, to komawa rubuta manhaja ba faɗuwa ba ce. Na san ƙwararrun da suka riƙe mutane suka ajiye, kuma riƙon ya ƙara musu ƙwarewa.

TAMBAYA: Malam, aikina gwada manhaja kafin a sake ta. Sabon manajanmu masoyin hawan dutse ne, ya sa duk Asabar ɗin farkon wata a haɗu a hau tare, wai don a saba. Ya ce ba dole ba ne, amma ranar Litinin sai in tarar an yanke shawarwari a can har an raba aiki. Ina da yara biyu ƙanana da ciwon gwiwa, maigidana kuma ba ya so. Yaya zan yi ba a ce ba ni da haɗin kai ba? Wata 'yar'uwa daga Kubwa.

AMSA: Ƙanwata, duk son da nake yi wa dutse, a nan manajanku bai kyauta ba. Mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmanki in ya ce ba dole, kunne dole yake ji. Asabar taki ce, albashi bai saye ta ba. In kamfani na ganin fitar tana da amfani a yi ta ranar aiki, a zaɓi wurin da kowa zai iya, kamar bakin tafkin Jabi ko Millennium Park, inda mai goyo da mai ciwon gwiwa ba za su zama abin jira ba.

Ki same shi shi kaɗai, ba a rukunin WhatsApp ba. Ba sai kin buɗe masa cikin gidanki don ki kare rashin zuwanki ba, ki tsaya a kan aiki. Ki kawo misali ɗaya takamaimai: ranar kaza an matso da wa'adin saki a kan dutse, ni da zan gwada ban ji ba sai Litinin, kwanakin gwaji suka ragu. Sannan ki roƙi abu ɗaya, duk shawarar da ta shafi aiki a kawo ta taron Litinin, ko a rubuta inda kowa zai gani, kafin ta zama hukunci. Galibi irin waɗannan manajoji ba mugunta ce a ransu ba, abin da suke so ne suke zaton kowa na so, in an nuna musu asarar a aikace sukan gyara.

Ni ba na gayyatar wanda ke ƙarƙashina dutse. Wanda ya nema da kansa ya zo, amma ba maganar ofis, kuma a can ɗan jagora ne shugaba, ni ma bi nake yi. In wata rana ranki ya so don kanki, hijabi ba ya hanawa. Akwai matan da muke hawa tare, da wando mai faɗi da hijabin da ya tsaya a gwiwa don kada ƙafa ta take shi. Sai dai ki fara nuna wa likita gwiwar, domin saukowa ta fi hawa cin gwiwa nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Mun yi wa wata hukuma alkawarin manhaja cikin wata huɗu. Saura mako biyar, aiki bai wuce rabi ba. Mu bakwai ne, mai kamfani ya ce zai ɗauko mutum biyar su taimaka, mu kuma mu riƙa kwana a ofis. Ni ke jagorantar aikin, kuma hankalina bai kwanta ba. Daga Rayfield, Jos.

AMSA: Abokin aiki, gaskiya zuciyarka ta gaya maka. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi. Sababbin sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne waɗanda aikin ya fi buƙata. Ka kuma lissafa hanyoyin magana a tsakaninku: mutum 7 hanya 21 ce, mutum 12 kuwa 66. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da saura wata shida ne da na ce ka karɓe su. Kwana a ofis yana ɗan tura aiki na 'yan kwanaki, daga nan kuskuren gajiya ke cinye ribar.

Masu hawan dutse suna da wata ƙa'ida da na ɗauko na kawo ofis. Tun a ƙasa ake tsayar da lokacin juyowa. In mun ce ƙarfe 11, yana bugawa za mu juyo ko da ƙololuwa na gabanmu kamar a miƙa hannu a taɓa, domin ruwan gora da ƙarfin ƙafa akwai rabon dawowa a ciki, kuma a damina hadarin Jos ba ya sallama. A ƙasa ake yankewa saboda a sama zuciya ba ta ba da shawara mai kyau: an sha wuya, wuri ya kusa, kowa yana kunyar ya fara cewa a koma. A watan Mayun 1996 a dutsen Everest an sa lokacin juyowa wajen ƙarfe 2 na rana, wasu suka ci gaba har ya wuce sosai, guguwa ta riske su a hanyar saukowa. Mutum takwas suka rasu a dutsen cikin kwana biyu, har da ƙwararrun jagorori.

Kai naka agogon ya riga ya buga. Mako goma sha biyu sun ba ka rabi, mako biyar ba za su ba ka ɗaya rabin ba. Wani ɗan Birtaniya, William Naismith, ya bar wa masu tattaki ma'auni tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Amma wannan lissafin lafiyayyen mutum ne a hanya mai kyau, ayari kuwa da ƙafar na baya yake tafiya. Ka auna da saurin da kuka yi a zahiri, ka manta da wanda kuka yi fata ranar sa hannu.

A makon nan za ka je wurin hukumar, kada ka bari sai ana saura kwana biyu. Ka riƙe takarda mai nuna abin da zai yi aiki cikakke a ranar wa'adi, da abin da zai biyo baya da ranarsa, ka bar su su zaɓi wanda ya fi musu gaggawa. Za su yi faɗa, amma suna da lokacin gyara nasu shirin. Daga cikin mutum biyar ɗin ka karɓi ɗaya ko biyu don aikin da ke gefe, kamar shigar da bayanai da rubuta littafin koyar da masu amfani. Mai kamfani kuma da alƙaluma za ka same shi.

TAMBAYA: Zan zo Jos hutun ƙarshen shekara, ina so in hau Shere karon farko. Me zan riƙe? Ɗalibi daga Gwagwalada.

AMSA: Ka zo a kan gaɓa, ƙanena. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake ba santsi, sai dai hazo yakan rage hange. Garin Jos yana kan tudu kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma kusan mita 1,829, don haka sanyin asuba zai ba ka mamaki kai da ka saba da zafin Gwagwalada. Riguna biyu marasa nauyi da za ka iya cire ɗaya sun fi rigar sanyi guda mai kauri. Ka sa kambas mai kama ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, kada ka sayi sabo ana gobe tafiya. Ruwa lita biyu, dabino, gyaɗa, hula, man leɓe, tocila, da ledar da za ka sauko da shararka. Kada ka hau kai kaɗai. Ka nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, ko ka tuntuɓi cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya da ke nan Shere, wadda aka fi sani da Man O' War, kuma ka bar wa wani a gari lokacin dawowarka. Kada ka cusa hannu a ramin dutsen da ba ka ga cikinsa ba. In maciji ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, a hana wurin motsi a ɗauke shi zuwa asibiti. Ku tashi bayan sallar asuba, ku sauko kafin azahar.

TAMBAYA: Ɗana ne ya karanta mini shafinka, na ce ya rubuta maka. Aikin kwamfuta yake yi daga ɗaki, an ce har shugaba ne a kan wasu da ke Legas da Kenya waɗanda bai taɓa haɗuwa da su ba. Wannan na bar wa Allah tun da yana ciyar da iyalinsa. Abin da ban gane ba, ran Asabar ya goya jaka ya tafi duwatsu, ba kiwo, ba farauta, ba itace. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan hankalinmu ba ya kwanciya sai ya dawo. Mene ne amfanin wannan? Wani dattijo daga Gangare, Jos.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Tambayarku irin ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Ƙuruciyarsa ya yi ta yana ɗaukar ƙasar kuza a kai a wajen Bukuru, a wurinsa dutse wahala ce da mutum ke roƙon Allah ya raba 'ya'yansa da ita. Ranar da ya ji na biya kuɗin mota don in je in hau, ya daɗe yana kallona bai ce komai ba.

Ku da jiki kuka yi aikinku, in kun dawo zama ne hutu. Ɗanku a kujera yake wuni, ido a kan allo, kai cike da mutanen da ke jiran hukuncinsa: wane ya yi kuskure, wane zai bar aiki, wane matarsa ba lafiya ba zai gama nasa ba. Jiki bai gaji ba, ƙwaƙwalwa ta gaji, sai barci ya ƙi zuwa. Irin wannan zaman yana cikin abubuwan da ke kawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, shi kuma a tafiyar Asabar yake biyan wannan bashin. Kuma Allah ya ce a Suratul Gashiya a dubi duwatsu yadda aka kafa su. Wanda ya tsaya a kan Shere da hantsi ya ga Jos kwance a ƙasa, da kansa tasbihi ke zuwa bakinsa.

Tsoronku ba na raina shi. Na ga rikicin 2001, na ga na 2008 da na 2010, na san yadda unguwar da muke zuwa cin masa muna yara ta zama wadda ake tunani kafin a shiga. Amma bari in gaya muku abin da idona ya gani. A ayarinmu akwai Bahaushe da Birom da Afizere da Ibo da Bayarabe. Inda hawa ya yi tsauri, na sama ke miƙo hannu, kuma ba wanda ke tsayawa tambayar unguwarsa. Dattijon da ke mana jagora Kirista ne, in mun makara azahar ta same mu a hanya shi ke nuna mana falalen da ya fi shimfiɗa ya koma gefe ya jira. Wannan bai sa mun saki jiki ba. Ranar da gari ke ɗar-ɗar ba ma fita. Mukan kira mutanen ƙauyen da daddare mu ji lafiya kafin mu taso, in mun isa mu gaida mai unguwa, wurin da suka ce na al'adarsu ne ba a takawa mu kauce masa.

Ku riƙa tambayarsa da wa zai tafi, wane ne ɗan jagora, ƙarfe nawa zai dawo. In ya amsa ku sa masa albarka. Abu ɗaya nake so ku hana shi da babbar murya, wanka a kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ruwansu kwance yake kamar ba komai, amma gaɓa a tsaye, ciki zurfi da laka, kuma kun fi ni sanin gidajen da suka sa kuka.

In ƙafa ta yarda, Baba, wata Asabar ku ce ya ɗauke ku a mota zuwa Riyom. Ba hawa za ku yi ba, daga bakin titi ake ganin duwatsun nan da ke ɗore wani kan wani. Ku tafi da flas ɗin shayi da mayafi mai kauri, ku ce masa ya bar wayar a mota.